Direban da Kamfanonin Inshora Ke Gudu a Amurka

A Amurka, idan aka kama mutum yana tuƙi cikin maye, tarar da alƙali zai ci shi ita ce ƙaramar asararsa. Babbar tana jiransa wajen masu inshora, kuma takan bi shi shekara da shekaru bayan kotu ta rufe shari'arsa.

Kusan kowace jiha ta wajabta wa mai mota inshorar da za ta biya wanda ya yi wa ɓarna, a jiki ko a dukiya. Massachusetts ce ta fara a 1927, New Hampshire kuwa har yau ba ta ɗora wa kowa da kowa wannan dole ba. Kowace jiha tana da mafi ƙarancin adadin da ta yarda da shi. California ta ɗaga nata a farkon 2025 zuwa dala 30,000 ga mutum ɗaya da ya ji rauni, 60,000 ga duk waɗanda haɗarin ya rutsa da su, sai 15,000 ga dukiya. Duk wanda ya san tsadar asibitin Amurka ya san kuɗin nan ba ya nisa.

Farashin da direba zai biya kuwa ya danganta da yadda kamfani ke kallonsa. Mai laifin maye, mai yawan gudun wuce sa'a, wanda ya taɓa jawo haɗari, wanda aka kama ba inshora, da matashin da bai daɗe da karɓar lasisi ba, duk ana sa su a sahun waɗanda ake tsoro. Kuɗinsu yakan haura sosai, wani lokaci ya ninka, wasu kamfanonin ma su ƙi su ƙememe. A California laifin tuƙi cikin maye yana shekara 10 a takardun direba.

Ga wasu daga cikin masu laifin nan akwai wata takarda da ake kira SR-22, wadda mutane da dama ke ɗauka wani nau'in inshora ce. Shaida ce kawai da kamfani ke aika wa hukumar lasisi ta jiha cewa wane yana da inshorar da doka ta nema. Kuɗin shigar da ita kaɗan ne, 'yan daloli. Nauyinta yana cikin sharaɗinta: galibi shekara 3 ake so mutum ya riƙe ta ba yankewa. Da zarar ya kasa biya inshorar ta mutu, kamfani zai sanar da hukuma, a dakatar da lasisinsa, a wasu jihohi ma a sake ƙirga masa shekarun daga farko. Ko wanda ba shi da mota, in yana son a mayar masa da lasisi, sai ya sayi inshorar da aka tanada wa marasa mota. Florida da Virginia sun ƙara tsanani ga masu laifin maye da takardar FR-44. A Florida sai inshora ta kai dala 100,000 ga mutum ɗaya, 300,000 ga haɗari ɗaya, 50,000 ga dukiya.

Wanda duk kamfanoni suka ƙi, jiha ba ta barinsa haka. Akwai tsarin da ake rarraba irin waɗannan direbobi ga kamfanoni gwargwadon girman kasuwar kowanne, su karɓa ko suna so ko ba sa so. Sai dai da tsada.

Ni ban ga aibu ba a ce wanda ya sha ya bugu ya kama sitiyari ya biya fiye da kowa. Inda maganar ta karkace shi ne, a yawancin jihohi kamfanoni na duba tarihin mutum wajen biyan bashi da unguwar da yake zaune. Ta haka talakan da bai taɓa gogar motar kowa ba, zai iya biya fiye da mai hali da ya taɓa yin laifi a hanya. In kuɗin ya gagare shi, ga shi yawancin garuruwan ƙasar ba a zuwa aiki sai da mota, sai ya fita ba inshora, a kama shi, ya faɗa sahun SR-22. California, Hawaii da Massachusetts sun hana amfani da tarihin bashi, kuma tun 1988 masu zaɓe a California suka amince da dokar da ta sa a fifita tarihin tuƙi, yawan tafiya da shekarun ƙwarewa.

Najeriya wata hanya ta bi. Tun Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta NAICOM ta tsayar da naira 15,000 a shekara ga inshorar ƙaramar motar gida, wadda ke biyan ɓarnar dukiyar wani har naira miliyan 3. Direba mai natsuwa da mai tuƙin ganganci, kuɗinsu ɗaya.