Abin da Miyau Ke Faɗa Kafin Haƙori Ya Girgiɗe

A Badarawa, idan aka ce an sa wa mutum haƙori, haƙorin Makka ake nufi. Amma akwai wani iri da ake dasawa a cikin ƙashin muƙamuƙi, a ɗaura shi kan ƙusar ƙarfen titaniyom. Likitan ƙasar Suwidin Per-Ingvar Brånemark ne ya fara yi wa mutum wannan dashe a 1965. Ƙarfen ba ya ruɓewa, amma dasashin da ke kewaye da shi yakan kumbura, ƙashin ya riƙa zaizayewa, sau da yawa babu ko zogi. Kafin hoton asibiti ya nuna ɓarnar, ƙashi ya riga ya ciwu.

Shi ya sa masana suka koma ga miyau da ruwan da ke tsattsafowa daga gindin haƙori. Idan ƙwayoyin cuta suka taru a wurin, fararen ƙwayoyin jini kan kai ɗauki, su saki wani sinadari mai suna MMP-8. Aikinsa tsinka kolajin, zaren da ke riƙe dasashi da ƙashi. Kaɗan daga cikinsa gyara yake yi. Idan ya yi yawa, jiki ne ke cin kansa. Farfesa Timo Sorsa na Jami'ar Helsinki da abokan aikinsa sun samar da ɗan tsinken gwaji da ke gano sinadarin cikin 'yan mintoci, ta hanyar fitar da layi, irin na gwajin zazzaɓin cizon sauro da muka saba gani a ɗakin shan magani. Likitocin haƙori a kudancin Nijeriya sun jarraba shi, suka wallafa sakamakon a 2014. Ba ya maye gurbin idon likita, amma yana yin kashedi da wuri.

To ina ruwan ɗan Shinkafi ko Zurmi da wannan, tunda dashen haƙori ya fi ƙarfin aljihun yawancinmu? Ruwansa dasashi. Cutar noma mai zaizayar baki, wadda ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 masu fama da tamowa, daga kumburin dasashi take farawa. Idan an tare ta a lokacin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, wanke baki da abinci mai gina jiki sun wadatar. Idan an bari, takan kashe kusan 9 cikin 10, waɗanda suka tsira kuma sai tiyata a Asibitin Noma na Sakkwato, wanda aka kafa a 1999. Nijeriya ce ta jagoranci fafutukar da ta sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka cutar cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a Disamban 2023.

Tsinken dai don ciwon dasashi da dashen haƙori aka ƙera shi. Ina roƙon masu bincike a Jami'ar Usmanu Danfodiyo su auna ko zai yi amfani a bakin yaranmu. Kafin nan, duk uwar da ta ji bakin ɗanta na wari, dasashinsa na jini, ta kai shi Babban Asibitin Shinkafi a ranar.