Cutar Dajin Jini: Yadda Ake Jinyar Wanda Aka Maido Gida

A ƙasar Tagriss, cikin gundumar Dakoro, idan aka ga mutum ya ɗashe, yana zazzaɓi, ƙarfinsa ya kare, sai a ce masassara ce. Sau da yawa ita ce ɗin. Amma in an sha maganin masassara zazzaɓi bai sauka ba, dasashi yana jini, haɓo ya ƙi tsayawa, ƙashi yana ciwo, kaluluwa ta fito a wuya, to a nemi awon jini. Wataƙila cutar dajin jini ce.

Cutar tana farawa a cikin ɓargo, inda jiki yake ƙera jini. Ɓargo ya riƙa fidda fararen ƙwayoyin jini marasa amfani, har su cika wuri kamar yadda ƙuduji yake cinye gonar hatsi. Jini mai kyau ya ragu. Shi ya sa mutum yake haki, kowace cuta ta kama shi, ɗan rauni kuma ya yi ta zuba. Ba sammu ba ne, ba maye ba ne. Ba a ɗaukarta wajen cin abinci ƙwarya ɗaya.

Wasu suna warkewa, musamman yara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki, cikin yara 10 masu cutar daji, fiye da 8 suna warkewa. A ƙasashe matalauta ba su kai 3 ba, domin ana zuwa a makare. Daga Dakoro akan tura mutum Maraɗi, daga Maraɗi a tura shi Yamai, tafiyar fiye da kilomita 600.

To, akwai ranar da likita zai ce magani ya kai iyakarsa. Wannan rana mai nauyi ce. Wani magidanci sai ya ci gaba da kai shanu kasuwa ɗaya bayan ɗaya, yana bin masu magani gari gari, har garke ya ƙare, marayu su tashi ba komi. Gara ya tambayi likita kai tsaye: wannan magani na warkarwa ne ko na rage wahala? Tambayar ba rashin tawakkali ba ce.

Wanda aka maido gida yana da sauran buƙata, kuma ta farko ita ce a rage masa zafi. Kafin a baro asibiti a karɓi maganin zafi, a tambayi yadda ake ba da shi. Ana ba da shi a kan lokaci, ba sai ya fara nishi ba. In zafi ya fi ƙarfin farasitamol, akwai mai ƙarfi da ake kira morfin, likita kaɗai ke rubuta shi. Kada a sayi ƙwayoyi wajen ƴan tebur na kasuwa. Asfirin da ire-irensa suna ƙara zubar jini, suna iya gaggauta ajali.

Wanzami ma ya dakata. Ba ƙaho, ba tsaga, ba sakiya. Jinin wannan majinyaci ba ya daskarewa da wuri. Asuwaki mai tauri yana fasa dasashi, sai a goge baki da tsumma mai laushi da ruwan gishiri kaɗan. In haɓo ya taso, a zaunar da shi, ya sunkuyar da kai gaba, a matse hanci minti 10. A tanadi zane mai duhu don share jini, saboda ganin jini a farin ƙyalle yana firgita shi da yara. Ƙarin jini a asibiti yana kawo sauƙin kwanaki ko makonni, amma ba ya kashe cutar.

Abinci kuwa, a ba shi abin da ransa yake so, kaɗan kaɗan: kunu, fura mai ruwa, madarar da aka tafasa. In ya ƙi, kada a yi masa ɗure. A juya shi kowane awa 2 don kada gyambo ya fito a baya. Ya kwana cikin gidan sauro. Mai mura ya yi gaisuwa daga ƙofa.

Jinya takan faɗa kan mace ɗaya, uwa ko mata, ga daka, ga rijiya. Dangi su raba kwana. Makiyayi da zai tafi mashekari da dabbobi ya bar babban mutum a gida.

In majinyaci babba ne kuma ya tambaya, kada a rufe masa. Yana da bashin da zai faɗa, da dabbar amana da za a mayar, da wasiyya, da waɗanda zai nemi gafararsu.

Idan lokaci ya matso, barci yakan yi yawa, ƙafafu su yi sanyi, numfashi ya riƙa yankewa yana dawowa. A nan ba a zuba ruwa a baki, don yana iya shaƙe shi. A jiƙa tsumma a shafa masa a leɓe. A rage hayaniya, a riƙe hannunsa, malam ko wani na kusa ya riƙa faɗin kalmar shahada a hankali kusa da kunnensa, domin sau da yawa yana ji ko da ba ya iya amsawa.