Kaza Da 'Ya'yanta A Cikin Aji: Yadda Za A Koya Wa Yaran Jalingo Ilmin Taurari

A zamanin da, manomi a ƙasar Muri ba ya bukatar kalanda kafin ya san damina ta ƙarato. Idan ya ga Kaza da 'Ya'yanta, wato taurarin nan da malamai ke kira Surayya, sun gangara yamma da magariba har sun ɓace a wajajen ƙarshen watan Afrilu, to ya san lokaci ya yi da zai gyara gona. A yau kuwa yara da yawa a Jalingo, hedkwatar Jihar Taraba tun 1991, suna gama firamare ba su iya nuna tauraro ɗaya da sunansa ba. Dattawan da suka san abin suna ta ƙarewa, in kuwa makaranta ba ta karɓa ba, ilmin zai bi su.

Shi wannan ilmi ba baƙo ba ne. Malaman hisabi na ƙasar Hausa sun daɗe suna lissafin shekara da taurari 28, kowanne da kwana 13, sai Jabha mai kwana 14, jimla kwana 365. Da shi ake sanin shigowar bazara da damina da kaka da ɗari. Wannan lissafin lokaci ne, ba shi da alaƙa da duba ko bokanci, kuma ya kamata malami ya fara bayyana wa iyaye haka don hankalinsu ya kwanta.

Allah ya yi wa Jalingo baiwa ta wannan fanni. Garin yana wajen digiri 9 arewa da tsakiyar duniya, saboda haka ana iya ganin mafi yawan rukunonin taurari 88 da masana suka ƙayyade, na arewa da na kudu. Tauraron Arewa yana can ƙasa ƙasa. Idan yaro ya miƙe hannu ya dunƙule shi, tsayin tauraron daga gindin sama kamar faɗin dunƙulen ne, muddin dutse ko hazo bai tare shi ba.

Kukan da aka saba ji shi ne babu kayan aiki. Amma abin da ake bukata yana nan a kowane gida. Sai a sami gwangwanin madara, a zana siffar Kaza da 'Ya'yanta a gindinsa, a huda da ƙusa, a haska tocila daga ciki a ɗaki mai duhu, nan take taurarin za su bayyana a bango. Haka kuma ana iya mulmula laka ƙanana, a haɗa su da tsinken tsintsiya, yara su gina siffar rukuni da hannunsu. Abin da hannu ya gina, da wuya kai ya manta.

Don fahimtar wata kuwa, lemo ɗaya da fitila sun isa. Fitila ita ce rana, lemo shi ne wata, kan yaro shi ne duniya. Yana juyawa a hankali riƙe da lemon, zai ga haske yana ƙaruwa yana raguwa. Daga nan sai kowa ya riƙa zana wata a littafinsa kowace rana, har ya gane dalilin da ya sa watan Musulunci ke yin kwana 29 ko 30.

Akwai kuma aikin gida. Yaro ya zaɓi tauraro, ya lura da lokacin da yake leƙowa ta bayan wata bishiya. Zai tarar kowace rana yana riga jiya da kimanin minti 4, wato awa 2 a wata. Wannan shi ne sirrin da ya sa kowane yanayi ke da taurarinsa. A nan ne kuma malami zai gaya musu cewa Zara matar wata da Gamzaki abu ɗaya ne, kuma duniya ce irin tamu mai zagaya rana.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan ɗaukewar ruwa, a watan Nuwamba, kafin hazo ya yi kauri, daidai lokacin da Kaza ke fitowa ta gabas da magariba. Sai dai a ja kunnen yara kada su kuskura su kalli rana kai tsaye, domin tana lalata ido.

Saura ya rage ga Hukumar Ilmin Bai Ɗaya ta jiha da Jami'ar Jihar Taraba su horar da malamai, a kuma gayyato dattawa cikin aji su faɗi sunayen da suka gada. Allah ya sa a farga tun masu sanin suna raye.