Baka Mai Kura: Abin Da Ya Kamata Saurayin Gombe Ya Sani Kafin Ya Kwance Lalitarsa

Baka da kwari ba baƙi ba ne a ƙasar Gombe. A Burmi, kusa da Bajoga, ran 27 ga Yuli, 1903, ranar da Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya cika a fagen fama, kibiya mai dafi ce ta kashe Manjo Marsh, shugaban rundunar Turawa, ko da yake mutanensa na da bindigogi masu aman wuta. Har yau kuwa maharba na nan da sarkin bakansu, kuma akwai tsofaffin da suka san kyauron da ya dace da kibiya.

Amma bakan da wa'yansu samari ke gani a wayoyinsu yanzu, har ransu ya biya, wani iri ne dabam. Shi ne baka mai kura, watau kura irin ta jan guga a rijiya, ba ta dawa ba. Wani Ba'amurke mai suna Holless Wilbur Allen, mutumin Jihar Missouri, shi ya ƙago shi, ya nemi takardar mallakar fasaharsa a 1966, aka ba shi a 1969. An shigar da shi gasar duniya a 1995, sa'an nan a watan Afrilu na 2025 kwamitin wasannin Olamfik ya amince a yi gasarsa, namiji da mace a haɗe, a wasannin Los Angeles na 2028. Daga ƙasashen waje ake shigo da shi, da dala ake sayensa, saboda haka wanda ya yi kuskuren zaɓe ya yi asarar da za ta daɗe tana yi masa ciwo.

Hikimar bakan tana ga kurayen nan biyu da ke bakin kowane reshe. Bakan gargajiya, gwargwadon yadda aka ja tsirkiya, gwargwadon yadda yake ƙara tauri, shi ya sa maharbi ba ya iya daɗewa yana bara. Shi kuwa wannan, taurinsa yana tsakiyar ja ne. Da zarar kurayen sun juya sai nauyin ya faɗi. Bakan da ƙarfinsa laba 40 ne, in yana sauke kashi 70 cikin 100, to laba 12 kaɗai mai harbi zai riƙe sa'ad da yake saiti.

Nan ne kuwa samari ke ruɗuwa. Sai mutum ya ji cewa nauyin na sauka, ya ce a ba shi mai laba 70, don kada a ce shi rago ne. Ya manta cewa kafin nauyin ya sauka sai ya ja laba saba'in ɗin nan da kafaɗarsa, kuma a gasa ba kibiya ɗaya ake harbawa ba, 72 ce, ban da na gwaji. Dokar hukumar wasan ta duniya ma ta hana a shiga gasa da bakan da ya wuce laba 60, watau wajen kilo 27. Ashe ke nan mai laba 70 ya sayi ciwon kafaɗa, ya kuma sayi abin da alƙalin wasa zai kore shi da shi. Baligi mai lafiya ya fara daga laba 25 zuwa 35 ya ishe shi. Gwajin kuwa mai sauƙi ne: ya zauna bisa kujera, ya ja tsirkiya a hankali, bakan yana fuskantar gaba. In sai ya ɗaga shi sama, ko ya ciji leɓe, bakan ya fi ƙarfinsa.

Abin da ya fi nauyin ma muhimmanci shi ne tsawon ja. Baka mai kura yana da iyakar da in tsirkiya ta kai ba ta ƙara motsi, sai ka ce ta ci karo da bango. Kamar riga yake, sai an auna mai ita. Mutum zai miƙe hannuwansa biyu, a auna daga kan ɗan yatsan tsakiya na dama zuwa na hagu, a raba da 2.5. Wanda ya sami inci 70, tsawon jansa wajen inci 28 ne. In ja ya yi tsawo, tsirkiya za ta riƙa dukan damtse har ya yi taruwar jini. In ya gajarta, mutum zai takure, saiti ya ƙi zama. Don haka ya fi kyau bakan fari ya zama irin wanda ake ƙara masa tsawo da nauyi da ɗan makulli, ba tare da an sauya kura ba, musamman in yaro ne mai girma, ko kuwa 'yan gida ɗaya ne za su yi tarayya a kansa.

Akwai na dama, akwai na hagu, kuma ido ake bi, ba hannu ba. Mutum ya nuna hasumiyar masallaci da babban yatsa, idanu biyu a buɗe, sa'an nan ya rufe ɗaya bayan ɗaya. Idon da yatsan bai kauce a gabansa ba, shi ne jagora.

Masu talla sukan cika baki da gudun kibiya. Wannan maganar mafarauta ce. Mai harbin bara yana tsayawa ne nisan mita 50 daga allo mai faɗin santimita 80, da'irar tsakiya mai maki 10 kuwa santimita 8 ce, kamar bakin kofin shayi. Allo ba ya gudu. Abin da yake bukata shi ne baka mai natsuwa a hannu, shi ya sa na gasa sukan kai inci 36 zuwa 40 daga kura zuwa kura, sun fi na farauta tsawo.

Kada kuma a zuba kuɗin duka a kan baka. Akwai kibau, akwai ma'aunin saiti, da mazaunin kibiya, da ɗan ƙarfen da ake sakin tsirkiya da shi maimakon yatsu. Kibau lalle su zama na alminiyam ko na kabon, waɗanda taurinsu ya dace da ƙarfin bakan. Kibiyar kyauro, duk da darajarta a wurin kakanni, tana iya tarwatsewa a kan wannan baka ta shige hannun mai ita.

Sauran magana ita ce gyara, kuma ita ce ya kamata ɗan Gombe ya fara tambaya a kai tun kafin ya biya. Yawancin irin wannan baka ba a sauya masa tsirkiya sai da wata na'urar matsewa, ba aikin maƙeri ko bakanike ba ne. Wa ke da na'urar? Ina za a sami tsirkiya in ta tsinke? Kwana nawa za ta yi a hanya? Araha ba ta ado: na hannu mai rahusa yana iya zuwa da tsaga a reshe, wadda ba a gane ta sai an shafa auduga a kai an ga inda ta maƙale. Zafin Gombe na watan Maris da Afrilu yana lalata tsirkiya in an bar baka cikin mota a rufe, ƙurar hunturu kuma tana shiga kurayen, sai an riƙa gogewa ana shafa wa tsirkiya kakinta. Babban haɗarin kuwa abokai ne. Kowa ya ga bakan zai so ya ja ya ji, kuma in aka saki tsirkiya ba kibiya a kai, ƙarfin duka bakan yake komawa, ya karya kura ko ya fasa reshe nan take, wani lokaci har da raunin ido.

Wurin koyo ma sai an lura. Kibiyar da za ta iya tafiyar ƙafa 300 cikin daƙiƙa guda ba ta tsakar gida ba ce a Jekadafari ko Bolari, inda katanga ɗaya ce tsakanin mutum da 'ya'yan maƙwabta, ƙyauren langalanga kuwa ba ya tare ta. Sai a fita bayan gari, a sami fili mai tudu a bayan allo, a sanar da mai unguwa da hukuma, a kuma duba kada akwai makiyayi ko burtali a can gaba. A fara daga mita 10, a riƙa ja da baya kaɗan kaɗan sa'ad da kibau suka soma taruwa wuri ɗaya.