Yadda Ake Kula da Na'urar Awon Hayaƙin Mota

Tun shekarar 2011 Nijeriya tana da ƙa'idojin hana motoci fitar da hayaƙi mai cutarwa, hukumar NESREA ce kuwa ke lura da su. Irin wannan doka ba a iya zartar da ita da ido, gama iskar da ta fi kisa cikin hayaƙin mota, watau kabon monoksaid, ba ta da launi, ba ta da wari. Sai da na'urar awo. Akan zura bakinta cikin salansa, famfo ya zuƙo hayaƙi ta tiyo, sa'an nan ta nuna yawan wannan iska, da ɗanyen fetur wanda bai ƙone ba, da kabon dayoksaid, da oksijin.

To, abin da ake so hakimai da magatakarda su lura da shi ke nan: in an yi sakaci da wannan na'ura ba tsayawa take yi ba. Tana nan tana nuna lamba, amma lambar ƙarya ce, kamar mudun da aka bubbuge wa gindi. Da ita sai a ci tarar direban da bai yi laifi ba, a sallami wanda motarsa ke zuba wa talakawa guba a kasuwa.

Babban abokin gabarta ruwa ne. Ko wace lita ta fetur in ta ƙone takan bar ruwa wajen lita guda, yana fita kamar tururi, ya daskare a tiyo. Saboda haka aka yi mata ɗan kofi mai tare ruwa. Lalle a zubar da shi kullum, gama in ya ƙetare zuwa cikin na'urar, inda wani haske da ido ba ya gani yake ratsa hayaƙin don awo, gyaran ya fi ƙarfin makaniken gari. Matata kuma, da ta yi baƙi a sake ta. Da hunturu kada a jira ta yi baƙi, ƙurarmu takan toshe ta da wuri.

Ko wace safiya a kunna ta, a bari ta yi ɗumi iyakar mintocin da masu ƙirarta suka rubuta. A sa ta shaƙi iska mai tsabta nesa da inji mai aiki, domin ta koma sifiri. A nan oksijin zai nuna kashi 20.9 cikin ɗari. In ya ƙi kaiwa, ɗan ma'aunin oksijin ya soma mutuwa. Shi kamar batir yake, yakan ƙare cikin shekara ɗaya ko biyu ko da na'urar tana kulle a sito, don haka sayensa da yawa a ajiye ɓarnar kuɗi ce.

Sa'an nan a gwada yoyo, wanda a ganina shi ne aikin da aka fi tsallakewa, shi ne kuwa mafi nauyi. A toshe bakin na'urar, a bar famfo ya ja. In tiyo ya tsage, ko da tsagar ba ta kai ta allura ba, iskar waje za ta gauraya da hayaƙi ta surka shi, gubar ta nuna kaɗan, muguwar mota ta wuce. Ragowar fetur da ke maƙalewa a tiyo kuwa akasin haka take yi, watau ta ɗora wa mota laifin wadda ta riga ta. Saboda haka a bar na'urar ta shaƙi iska tsakanin mota da mota har lambar ta sauka. Kada a zura ta a motar dizal mai baƙin hayaƙi, wannan da ma'auninta dabam.

Aƙalla sau ɗaya a shekara tilas ne gwani ya daidaita ta da tukunyar gas wadda aka san adadin abin da ke cikinta. A duba ranar ƙarewar da ke jikin tukunyar kafin a yarda da ita.

Aikin magatakarda a nan shi ne littafi. A rubuta ranar da aka sake matata, da ranar gwajin yoyo, da ranar daidaitawa, da sunan wanda ya yi. In direba ya kawo ƙara gaban hakimi cewa an zalunce shi a awo, wannan littafi za a fara nema, a duba ranar da aka auna motarsa.