Yadda Ake Jinyar Yaro Mai Kumburi a Gidajen Hausawa

Idan yaro ya tashi da safe idanunsa a kumbure, bayan kwanaki ƙafafu da ciki su biyo baya, a gidan Bahaushe ba uwa kaɗai ke yanke shawara ba. Kaka ce ke fara dubawa. Wata ta ce tamowa ce, wata ta ce iska ce, wata kuma ta zargi sammu. Daga nan sai a karɓo rubutu da tofi wajen malam, a jiƙa saiwa da sassaƙe, a yi hayaƙi. A wasu ƙauyuka har wanzami ake kira ya yi tsaga, wai don ruwan ya tsiyaye. 'Yan dubiya kuwa kowa da maganin da zai kawo.

Sau da yawa wannan kumburi daga ƙoda yake. Matatar ƙodar ce ke yoyo, furotin na jini yana zuba cikin fitsari, shi ya sa fitsarin ke kumfa, ruwa kuma ya taru a jiki. Ya fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6. Tsaga a fatar da ta kumbura ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta, jiƙon da ba a san ƙarfinsa ba kuma yana iya ƙara wa ƙoda nauyi.

A asibiti gwajin fitsari ake fara yi. Idan an tabbatar ciwon ƙodar ne, akan ba da maganin prednisolone kullum na mako 4 zuwa 6, sannan a koma shan kwana ɗaya a tsallake ɗaya. Yara da yawa suna saɓewa, amma ciwon kan dawo. Maganin yana sa cin abinci da cikar kumatu, sai iyaye su ɗauka kumburi ne su daina bayarwa, alhali tsayar da shi farat ɗaya haɗari ne.

Rage gishiri ma jarrabawa ce a gidan da ake ci daga tukunya ɗaya. Uwa mai lura takan ɗebi miyar yaron kafin a zuba gishiri da dunƙule. Haka nan a nisanta yaron da mai ƙyanda ko ƙarambau don kada ya kamu.

Addu'a da dubiya da taimakon dangi abin riƙewa ne. Amma iyaye, da zarar kun ga kumburin ido da fitsari mai kumfa, ku kai yaro asibiti kafin aska ta taɓa jikinsa.