Umarni Daga Nesa: Layi Ɗaya Na Iya Kulle Injiniya a Waje

Ranar 4 ga Oktoba, 2021, Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke ɗif a duniya baki ɗaya, kusan sa'o'i shida. Ba 'yan kutse ba ne. Kamfanin da kansa ya bayyana cewa wani umarni da aka aika yayin aikin kula da na'urori na yau da kullum shi ya katse manyan hanyoyin da suka haɗa cibiyoyin bayanansa. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne hanyar da injiniyoyi za su bi su gyara daga nesa ita ma ta tafi. Sai da aka tura mutane har cibiyoyin da ƙafarsu.

Na'urorin da ke rarraba intanet, irin su rauta, ba su da allo ko madannai. Akwati ne kawai mai ƙyalla fitilu. Mai saita shi yakan zauna a gaban kwamfutarsa, wataƙila a wani gari daban, yana rubuta masa umarni layi-layi. Tun 1969 akwai Telnet don wannan aiki, sai dai tana aika kalmar sirri a fili, duk wanda ya laɓe a kan layin zai karanta. A 1995, bayan an sace kalmomin sirri a jami'arsu da ke kusa da Helsinki, wani ɗan ƙasar Finlan, Tatu Ylönen, ya ƙirƙiro SSH, wadda ke ɓoye duk abin da ke wucewa. Aka ba ta ƙofa mai lamba 22, tsakanin 21 ta FTP da 23 ta Telnet.

SSH ta magance ɓarawo, amma ba ta magance kuskuren mai gida ba. A na'urar Cisco, injiniya zai buɗe manhaja irin su PuTTY, ya saka adireshin na'urar, baƙin allo ya bayyana. Ya rubuta "enable", alamar > ta koma #, wato ya zama mai cikakken iko. Ya rubuta "configure terminal". Daga nan duk layin da ya danna, nan take yake fara aiki, babu mai tambayarsa ko ya tabbata. To, ita kanta hanyar da yake magana da na'urar ta cikin na'urar ta bi. In ya rufe ƙofar da ba ita ba, ko ya sauya adireshin da ya shigo ta kansa, sai allon ya daskare. Ya zama kamar maginin da ya hau soro sannan ya ture tsani.

Masu gogewa suna da dabara, kuma a ganina ta fi duk wata takardar shaida amfani. Kafin su taɓa komai sukan rubuta "reload in 10", wato na'urar ta sake kunna kanta bayan minti goma. Da yake sabbin sauye-sauye suna zaune ne a ƙwaƙwalwar wucin gadi har sai an adana su, na'urar za ta farka da tsohon saitinta, ƙofa ta sake buɗewa. In aikin ya tafi daidai, sai a soke da "reload cancel". Juniper ta gina wannan a cikin tsarinta da "commit confirmed": in ba a sake tabbatarwa cikin minti goma ba, komai ya koma yadda yake. MikroTik ta ƙasar Latbiya ma tana da irin wannan kariya.

Sai dai wannan ƙwaƙwalwar wucin gadi tana da nata tarkon. Injiniya ya gama aikin yini guda, intanet na gudu, ya rufe kwamfuta bai rubuta "write memory" ba. Na'urar za ta ci gaba da aiki lafiya lau, mako ɗaya ko wata guda, har ranar da aka ɗauke wuta kuma batir ya mutu kafin a tada janareta.